Mai Tsani da Wayar Ɗakin Baya

Yayana ya girme ni da shekara biyu da wata huɗu. A unguwarmu ba mai kiransa da sunansa. Mai Tsani kowa ke ce masa, har jikokinsa in sun ga ba ya kusa. Shekara talatin da huɗu ya yi yana aikin wayar tarho, kullum da tsani a kafaɗa ko a ɗaure a kan motar ma'aikata, daga nan sunan ya bi shi. Yau shekararsa saba'in da shida, likita ya hana shi hawa ko da kujera ce, amma sunan na nan daram.

Rana ɗaya aka kai mu makarantar mishan, benci ɗaya muka zauna. Na fi shi rubutu nesa ba kusa ba. Malaminmu na aji huɗu, wani dogo mai farin gajeren wando da safa har gwiwa, yakan ɗaga littafina ya nuna wa aji yadda ake jera haruffa, sannan ya ɗaga na Yaya da yatsa biyu ya ajiye. Da tawada da alƙalamin ƙarfe muke rubutu a lokacin, kuma hannun rigar Yaya ya fi littafinsa shan tawada. Sai wata rana ƙararrawar lantarki ta ofishin hedimasta ta daina kaɗawa. Kwana uku ana buga wani tsohon ƙarfen mota a madadinta. A rana ta huɗu, lokacin hutu, Yaya ya bi wayar da ido daga ofis har ƙarshen baranda, ya hau taga, ya gano inda ɓera ya ci ta, ya murɗe bakin biyu ya naɗe da tsumma. Ƙararrawa ta kaɗa ana tsakiyar wasa, yara suka ruga aji suna zagin wanda ya gyara ta.

Ni na zama malamin makaranta, shi ya sa har gobe Ticha yake ce mini. Shi kuwa ya shiga ma'aikatar waya. Na sha tsayar da kekena a bakin titi ina kallonsa a saman falwaya, ɗamarar fata a ƙugu, ɗan kan tarho na gwaji a matse tsakanin kunne da kafaɗa, hannuwansa biyu cikin akwatin da wayoyi suka cika kamar sumar da ba a taje ba. Ba ya gaggawa. In ya gama sai ya jera wayoyin, ya ɗaure su, ya share cikin akwatin da ɗan buroshi kafin ya rufe, alhali ba mai hawa ya duba. Layin asibiti, na tashar jirgin ƙasa, na ofisoshi, duk ya san su da ka. In aka yi ruwa da iska, kafin ya karya kumallo an zo ɗaukarsa.

Sai wayar hannu ta shigo. Cikin 'yan shekaru tarhon tebur ya zama abin da ake ɗora wa ƙyalle, wayoyin kan titi suka saki suna lilo, ba mai kai ƙara. Yaya ya yi ritaya ba wanda ya ji rashinsa, kuma na san wannan ne ya fi yi masa ciwo, ko da yake bai taɓa faɗa ba. Ya jera kayan aikinsa a ɗakin baya, kowace filaya da ƙusarta a bango. Farkon kowane wata yakan sauko da su ya shafa musu mai ya mayar. In man ya ragu sai ya je falo ya ɗiga wa keken ɗinkin matarsa, ko keken na so ko ba ya so.

Matar tasa tela ce, kuma Tela yake ce mata. Shekara arba'in da tara suna tare. Ita kuma suna biyu take kiransa da su: in maganar gaske ce, Baban Auta, in za ta tsokane shi, Injiniya. Kekenta na falo, daf da taga, inda haske ya fi kyau. Ni da ita ba ma haɗuwa ba mu ja juna ba. Takan ce Allah ya taimake ta da ta auri mai aiki ta bar mai surutu, ni kuwa in ce ai mai surutun ne ya rubuta mata wasiƙun da suka sa ta yarda.

'Ya'yansu biyar, duk sun tashi sun kama gabansu. Ƙaramar, Auta, shekara shida tana wani gari mai nisa, tafiyar yini guda a mota. Aikinta amsa kiran masu hulɗa da wani kamfani ne, ta kwamfuta, da abin sauraro a kunne. Sau ɗaya take zuwa a shekara, ta kwana biyar ta koma. Gida mai ɗaki shida ya rage daga tsoho sai tsohuwa, sai ni da ke leƙowa kullum da hantsi, tun da katanga ɗaya ce tsakaninmu.

Bara sai kamfanin ya ba wasu ma'aikata damar yin aiki daga gida, bisa sharaɗi biyu: ɗaki marar hayaniya, da intanet da ba ya yankewa. Aka ba Auta mako biyu na gwaji. Ranar Litinin da za ta biyo baya, da ƙarfe tara na safe, shugabarta za ta saurari kiranta na awa guda cur. In magana ta tafi daidai, Auta ta zauna gida. In ta yanke, ta koma ofis a wannan makon.

Ranar da ta iso gidan ya farka. Tela ta ɗinka sabon labule, Yaya ya yi aski tun lokacinsa bai yi ba. Daga gidana ina jiyo dariya daga kicin, abin da na daɗe ban ji ba. Sai dai tun rana ta farko matsala ta nuna kanta. Akwatin intanet, wanda yaran yanzu ke ce wa rauta, a falo yake, domin ta nan wayar kamfanin intanet ta shigo gidan. Falo kuwa ga ƙarar keke, ga mata masu kawo ɗinki da hirarsu, ga rediyon Yaya. Ɗakin da ya fi shiru shi ne na baya, inda kayan aikin suke, amma tsakaninsa da falo akwai bango uku, da kicin, da tankin ruwa na ƙarfe. Na ɗauki wayar Auta na taka da kaina don in tabbatar. A ƙofar falo alamar waifai, wato intanet marar waya, sanda uku ce. A baranda biyu. A ƙofar kicin ɗaya. Daga tankin zuwa gaba babu komai.

Auta ta sayo wani ɗan akwati fari da ake maƙalawa a soket, wanda ke karɓar waifai ya ƙara tura shi gaba. Ta sa shi a kicin. A ɗakin baya sanda uku suka cika, muka yi murna. Amma da ta fara amsa kira, muryar mutum sai ta zo gutsure-gutsure, wani lokaci ta ɗauke gaba ɗaya. Ta mayar da akwatin baranda, ta dawo da shi, ta ɗora shi a kan firiji. Mako guda da kwana huɗu suka tafi a haka, shugabarta ta ja mata kunne sau biyu.

Duk wannan Yaya na kallo. Ranar Alhamis da yamma muna zaune a baranda sai ya nuna akwatin da haɓa.

"Wannan abin naku, kamar mutum ne a tsaye a tsakar gida, yana jin magana rabi-rabi, yana maimaita ta da ƙarfi. Ƙarfin murya ba ya cike abin da bai ji ba. A ja waya."

"Baba, zamanin waya ai ya wuce," in ji Auta a gajiye.

"Shi akwatin falon, da me ya shigo gidan nan? Iska ce ta kawo shi?"

Ta juya ɗan akwatin fari. A ƙarƙashinsa akwai rami na sa waya. Ta duba takardarsa ta ce lallai, in aka ba shi waya daga rauta, zai iya ba da waifai nasa na kansa a duk inda aka ajiye shi. Yaya ya miƙe tsaye da saurin da na manta yana da shi.

"Ticha, kawo tef ɗin awo."

Mita talatin da takwas muka samu, bin bango, ta ƙarƙashin bakin kwano. Ya ce a sayi arba'in da biyar.

Da safe ni da shi muka je shagon kayan kwamfuta. Mai shagon mutum ne mai fara'a. Ya auna mana wayar, wata toka-toka mai kaurin fensir, ya ce bari ya matse mana kawuna a bakinta biyu, wato ɗan abin roba mai haske da ke shiga ramin rauta ya yi ƙas. Yaya ya ce a'a, ramin da za a huda a bango ƙarami ne, sai an ja waya ake sa mata kai. Mai shagon ya ga ya haɗu da wanda ya san aiki, ya ba mu kawuna shida, ya ara mana filayar matse su. Sannan ya turo wata 'yar takarda mai zanen launuka.

"Baba, ga yadda ake jera su."

Yaya ya dube shi ta saman tabarau. "Ɗana, tun ba a haifi babanka ba nake jera waya."

Ya bar takardar a kan kanta. Ni da ba na wuce takarda ban karanta ba, ko ta maganin tari ce, na miƙa hannu zan ɗauka, ya harare ni, na mayar da hannun aljihu. Wannan laifina ne, kuma na amsa shi.

Ranar Asabar aka ja waya. Tela ta fito ta tsaya a ƙofa ta ce in ta ga ƙafar mijinta a kan tsani, ita da kanta za ta kira likita. Saboda haka Auta ce ta hau, da guduma a hannu da ƙusoshin maƙale waya a aljihun wandon babanta da ta ara. Ni na riƙe tsani. Yaya na ƙasa, hannu a baya, kai a sama.

"Taƙi biyu tsakanin ƙusa da ƙusa. Wannan ta yi nisa, cire."

"Baba, wa zai auna?"

"Ni."

Ya hana ta kusantar wayar wuta, ya sa ta kewaye ta da tazara. A kusurwa ya hana ta lanƙwasa wayar da ƙarfi, ya ce a bi da ita a hankali kamar ana juya marar lafiya. Da aka zo inda za ta shiga bangon ɗakin baya, ya sa ta sako wayar ƙasa kaɗan ta yi ɗan ciki, sannan ta ɗaga ta zuwa ramin.

"Wannan kuma na mene ne? Kwalliya?" in ji Auta.

"In ruwan sama ya biyo waya, a nan zai ɗiga ƙasa, ba zai bi ta ya shiga miki ɗaki ba."

Auta ta dubi cikin wayar, ta dube shi. "Wa ya koya maka?"

"Bangon da na jiƙa wa wani alƙali."

Tela ta leƙo ta taga. "Ticha, riƙe tsanin nan da hannu biyu, ka bar ba da labari. In 'yata ta faɗo, kai zan ɗinke."

Kafin rana ta take, waya ta miƙe a bango tsaf kamar an ja layi da rula. Yaya ya zauna a ɗakin baya ya yanka rigar wayar da 'yar wuƙarsa. Sai na ga fuskarsa ta canja.

"Ticha, zo ka gani."

A ciki akwai ƙananan wayoyi takwas, biyu-biyu, kowane biyu a murɗe da juna kamar igiya: ruwan goro da farinsa, kore da farinsa, shuɗi da farinsa, ruwan ƙasa da farinsa.

"Tagwayena ne," in ji shi a hankali. "Ashe ba su mutu ba, riga suka shiga suka ɓuya."

Ya bayyana wa Auta cewa haka wayar tarho take. Magana a kan waya biyu take tafiya, kuma murɗewar ce ke kare ta daga hayaniyar maƙwabta. In ma'aikaci ya yi ganganci ya ɗauki ɗaya daga waɗannan tagwaye ya haɗa da ɗaya daga waɗancan, layi zai kama, amma sai ka riƙa jin shuu kamar ruwa a kan kwano, ko hirar wasu can ƙasa-ƙasa. Ya ce rabin rayuwarsa a farautar irin wannan kuskure ya ƙare, a layukan da wasu suka haɗa.

Ramukan kan takwas ne a jere. Ya sa tagwayen ruwan goro a na ɗaya da na biyu, kore a na uku da na huɗu, shuɗi a na biyar da na shida, ruwan ƙasa a na bakwai da na takwas, kowa kusa da ɗan'uwansa. Ya matse. Ya je falo ya yi wa ɗaya bakin daidai haka. Sannan ya sauko da tsohon abin gwajinsa, batir da ɗan ƙwan fitila. Ina falo ina haɗa haƙoran kan biyu-biyu da tsinken ƙarfe yadda ya nuna mini, yana ɗakin baya yana kallon ƙwan, Auta na tsakar gida tana isar da saƙo. Sau huɗu ta ce, "Ya kama." Aka sa kai ɗaya a rauta, ɗaya a ɗan akwatin fari. Koriyar fitila ta kama. Yaya ya gyara wuyan rigarsa ya ce wa Tela ta ba ma'aikata ruwa.

Auta ta kira wata abokiyar aikinta don gwaji. Minti biyu magana ta tafi lafiya, sai ta fara tsinkewa. Ta sake kira, ta sake tsinkewa. Ta cire ɗan akwatin ta sa wayar kai tsaye a kwamfuta, duk ɗaya.

Yaya ya bi wayar da ido daga falo har ɗakin baya, ƙusa bayan ƙusa, sau uku. Ba inda ta ji rauni. Ya ce ƙila matsewar ce ba ta kama ba, ya yanke kawunan biyu ya sa sababbi, ya jera su yadda ya jera na farko. Ƙwan gwaji ya kama sau huɗu, magana kuma ta ci gaba da tsinkewa. Auta ba ta yi zargin kawunan ba, tun da ta ga gwaji da idonta, kuma ba a gabanta za a ce babanta bai iya haɗa waya ba. Sai ta duƙufa a kan kwamfutarta tana canja wannan tana canja wancan.

Ranar Lahadi da hantsi na shigo na tarar da gidan shiru. Shagon a rufe yake ranar, kawuna biyu suka rage. Auta na baranda tana tambayar wani ta waya ƙarfe nawa motar Talata ke tashi, tana rage murya don kada a ji. An ji. Yaya na zaune a falo da filayar aro a cinyarsa.

"Ticha, na tsufa," ya ce. "Na sa yarinya ta hau tsani rabin yini a banza. Da na bar ta da akwatinta, ƙila da ta samo wata dabara."

Tela na gaban kekenta, ba ta taka shi, tana tattara tarkacen da ke kan teburin. Cikin tarkacen akwai kawunan nan biyu da ya yanke jiya ya ajiye a wurin. Ta ɗauki ɗaya za ta jefa a kwando, sai ta tsaya. Ta buɗe aljihun tebur ta zaro wata gajeriyar waya da ta zo cikin kwalin rauta tun farko, wadda ta ajiye don kada ta ɓata. Ta ɗaga kawunan biyu zuwa hasken taga, kafaɗa da kafaɗa, yadda take yi in tana neman zaren da ya dace da yadi.

"Injiniya, wannan ɗinkin ba irin wancan ba ne."

"Ajiye, Tela, ba zare ba ne."

"Na ji ba zare ba ne, amma launi launi ne. Naka kore biyu suna manne da juna. Na masu kamfani, farin kore na nan, koren na can, shuɗi biyu sun shiga tsakaninsu."

"To sun yi kuskure. Ba a raba tagwaye."

"Su da suka ƙera akwatin ne suka yi kuskure, kai da ka bar takarda a shago ka yi daidai?"

Ya juyo ya dube ni. Na dubi silin. Ban san lokacin da na gaya mata ba, amma na gaya mata.

Ta miƙa masa kawunan, ta cire tabaranta ta ɗora masa a kan nasa. Ya matsa jikin taga. Na ga leɓensa na motsi yana ƙirga ramuka. Ya ƙirga sau biyu. Auta ta shigo ta tsaya a bakin ƙofa. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, dariya ta ƙwace masa, irin wadda ke sa shi tari.

"Na uku da na shida," ya ce yana share ido. "Akwatin ta ramin uku da na shida yake sauraro, su ne tagwaye a wurinsa. Ni kuwa na ba shi farin kore a na uku, na ba shi shuɗi a na shida. Na zaci ina haɗa su, ashe ni na raba su. Abin da na yi shekara talatin da huɗu ina kama mutane da shi, yau ga shi a gidana, da hannuna."

"To ƙwan gwajin fa, Baba?"

"Ƙwai wuta kawai ya sani, ta wuce ko ba ta wuce ba. Bai san wa ke tafiya da wa ba."

Auta ta duba a wayarta, nan da nan ta samo zanen. Daidai yake da abin da uwarta ta gani: farin ruwan goro, ruwan goro, farin kore, shuɗi, farin shuɗi, kore, farin ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Na rubuta jerin a takarda da manyan haruffa, na riƙe musu.

Saura kai biyu, ba halin kuskure. Yaya ya feɗe rigar wayar, ya warware tagwayen kaɗan, ya fara jerawa, amma tsallakar da kore ta kan shuɗi sai yatsunsa suka ƙi. Da ya kama wannan sai wancan ya zame. Ya gwada sau uku. Tela ta jawo kujerarta kusa da tasa.

"Kawo nan. Aikin allura ne wannan."

Ta miƙar da su ɗaya bayan ɗaya da farce, ta jera su tsakanin babban yatsa da manuni, ta daidaita bakinsu da almakashinta, ta zura su cikin kan a tashi ɗaya. Ya karɓa ya duba a haske, ya ga kowace ta kai ƙarshen raminta, ya sa a filaya ya matse da hannu biyu. Muka ɗunguma ɗakin baya mu huɗu aka yi na biyun, ita ta jera, shi ya matse.

Auta ta kira abokiyar aikinta. Na duba agogona. Minti biyar, minti goma, minti ashirin da biyar. Sai da abokiyar ta ce ta bar ta haka nan, tana da wanki.

Litinin tun ƙarfe takwas da rabi na shigo. Tela ta aika wa masu kawo ɗinki cewa kada kowa ya zo sai bayan sha ɗaya, ta rufe kekenta da zane. Yaya ya kashe rediyo. Tara saura minti biyar Auta ta sa abin sauraro a kunne, ta shiga ɗakin baya ta ja ƙofa. Mu uku muka zauna a kan benci a tsakar gida, inda muke iya ganin ƙofar da kuma wayar a bango. Muryarta na fitowa ƙasa-ƙasa, muryar aiki da ba mu saba ji ba, a natse, tana gaisuwa, tana tambaya, tana ba da haƙuri. In ta yi shiru sai Tela ta kama hannun rigar mijinta, in ta ci gaba sai ta saki. Wata kurciya ta sauka a bakin kwano kusa da wayar, Yaya ya tashi a hankali ya kore ta da hula ba tare da ya yi sauti ba. Na so in gaya masa kurciya ba ta hana magana wucewa, na ga ba lokacinsa ba ne.

Goma ta yi, ƙofa ba ta buɗe ba. Goma da minti bakwai ta buɗe. Auta ta fito da abin sauraro a wuya, fuskarta ba ta nuna komai ba, ta zo ta tsaya a gabanmu.

"Baffa," ta ce mini, "kana da wani teburin da ba ka amfani da shi? Wancan ya yi mini ƙasa, kuma tun da a kansa zan riƙa yini kullum, gara in samu na kirki."

Tela ta rufe fuska da gefen mayafinta. Yaya ya matso bakin benci ya tambaye ta.

"Ba ta yanke ba?"

"Ko sau ɗaya. Ta ce layina ya fi na wasu da ke zaune a ofis tsabta. Har ta tambaye ni wa ya yi mana aikin."

Ya gyara zama, ya ɗaga haɓa kaɗan. "Kika ce mata wa?"

"Na ce mata wata tela ce."

Tela ta yi dariya har da hawaye. Yaya ya ce wannan zalunci ne, a gaya wa shugabar a rubuce cewa tela ta jera, amma injiniya ne ya matse. Na ce in dai a rubuce ne, ni zan rubuta, kuma zan sa sunan wanda ya riƙe tsani. Auta ta ce hutunta minti goma ne kawai, akwai masu jira a layi. Ta durƙusa ta rungume uwarta, ta dafa kafaɗar babanta, ta koma ɗakin baya ta ja ƙofa. Ni da Yaya muka tashi muka nufi gidana ɗauko teburin, muna gardamar ta wace ƙofa zai fi sauƙin fitowa.